Lambar da Na Dafa

Littafin yana nan har yanzu a cikin wata tsohuwar adaka a ɗakina, bangonsa shuɗi, gara ta ɗan ci gefensa. Littafin gwaje-gwajen fiziks ne na shekarata ta farko a jami'a, a farkon shekarun 1990. A shafi na bakwai akwai lamba 9.81 wadda na ja wa layi biyu a ƙasa don murna. Jan biro ya kewaye ta, a gefe an ba ni maki 2 cikin 10, aka ƙara da cewa in je ofis a gan ni. Na ci jarrabawa da yawa bayan wannan, na faɗi wasu, takardun duk sun bi iska. Wannan ce kaɗai na adana.

Ranar da muka gama rajista, an miƙa wa kowannenmu wasu 'yan takardu da aka buga da injin kwafi, tawadar tana bin yatsa. Jerin kwasa-kwasai ne a ciki, kowane kwas da lambarsa da nauyinsa, a ƙarƙashinsa kuma an lissafo batutuwan da za a karantar: motsi, zafi, sauti, haske, lantarki. Daga baya na gane cewa jerin ya samo asali ne daga mafi ƙarancin ma'aunin karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fitar a 1989. Takardar ta faɗa mana abin da malami zai karantar. Abin da mu za mu iya yi da hannunmu da kanmu bayan shekara huɗu, babu wanda ya ɗauko zancensa, mu ma ba mu tambaya ba. Da a ce wani ya tare ni a bakin ƙofar sashen ya ce, "Kai, me ka zo nema?" da na ce masa digiri mai daraja, sai aiki a kamfanin mai ko banki. Iyakar manufata ke nan, kuma ban fi abokaina ba, ba su fi ni ba.

Zamani ne na matsi. Tun da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 darajar naira take ta gangarowa, littafin da ake bugawa a waje ya fi ƙarfin ɗan talaka. Kwafi ɗaya ko biyu ne a laburare, wanda ya riga ɗauka kuma ya ɓoye shi a bayan littattafan tarihi don kada wani ya gani. Saura sai handawut da abin da hannunka ya iya kamawa a lakca. Mu ɗari da wani abu a ɗaki, wasu a kan taga, malami yana karantowa muna rubutawa. Ga yajin aiki, wanda ya sa karatun shekara huɗu ya ci mini kusan shida.

A irin wannan hali hadda ce makaminmu, kuma mun iya ta. Yawancinmu da allo muka fara, kunnenmu da harshenmu sun horu tun muna ƙanana. Ba na cikin masu raina hadda. Wanda bai riƙe komai a ka ba, da me zai yi tunani? Sai dai a tsarinmu na gargajiya, bayan sauka akan koma zaure, malami ya ɗauki littafi yana warware shi kalma-kalma, almajiri yana tambaya, ana kawo mas'ala ana juya ta. A bokon da muka yi, mun tsaya a matakin farko muka ce mun gama.

To, ranar gwajin lilo. Wanda ya yi fiziks ya san shi: a ɗaura ɗan dunƙulen ƙarfe a bakin zare, a rataye, a ɗan ja shi gefe a saki, a ƙidaya lokacin da zai ɗauka ya je ya dawo sau ashirin. A sauya tsawon zaren, santimita 40, 60, 80, 100, kowanne a auna. Daga nan a zana giraf, a fitar da ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi, wanda ake yi wa alama da harafin g. Kowane ɗan sakandare ya haddace cewa 9.8 ne, masu son burga su ce 9.81.

Mu takwas ne a kan lilo ɗaya da agogon ƙidaya ɗaya. Wani ya riƙe rula, wani yana ƙirgawa da ƙarfi, ni ke danna agogo, sauran suna hirar ƙwallo. Da na koma ɗaki na yi lissafi, sai ga 10.8. Na sake, 10.8. Gabana ya faɗi. Na kai wa wani ɗan aji uku da muke ɗaki ɗaya, ya duba ya yi dariya.

"Kai baƙo ne har yanzu. Wa ya ce maka ana kai abin da aka samu? Dafawa ake yi."

Ya nuna mini yadda ake girkin. Ka fara daga amsar da littafi ya faɗa, ka yi lissafi da baya-baya har ka samu lokutan da za su haifar da ita, ka cika jadawalinka da su. Na kwana ina danna kalkuleta. Da gari ya waye, ɗige-ɗigen girafina sun jeru a kan layi kamar sojoji a fareti, amsa kuma 9.81 cif. Ban ji a raina na yi laifi ba. A ganina ma gyara na yi, tun da kayan aikinmu tsofaffi ne, littafi kuwa ba ya ƙarya.

Malamin da ya kira ni dattijo ne marar yawan magana, kullum da garin alli a hannun rigarsa. Na yi sallama na durƙusa, ya nuna mini kujera.

"Kai ka auna wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Bai ce komai ba. Ya buɗe durowa ya ɗauko agogon ƙidaya, ya miƙo mini. Ya ce zai buga tebur sau biyu, in danna a bugun farko, in tsayar a na biyu. Shi ma yana riƙe da nasa. Muka yi sau biyar, ko sau ɗaya agogona bai yi daidai da nasa ba; wani lokaci na riga shi, wani lokaci na makara, bambancin yakan kai kashi ɗaya ko biyu cikin goma na sakan.

"Wannan shi ne babban yatsanka," in ji shi. "Haka na kowa yake, har da nawa. To yaya aka yi a ranar Talata ya zama na mala'ika, ma'auni huɗu babu wanda ya kauce ko da ƙiris?"

Na sunkuyar da kai. Na zaci faɗa zai biyo baya, sai ya jawo takarda ya zana ƙwallo mai ɗan faɗi a tsakiya.

"Bari in gaya maka abin da ya fi ba ni dariya, yaro. Ko da hannunka ba ya kuskure, a garin nan ba za ka samu 9.81 ba. Lambar Faransa ka kawo mini."

A nan ya yi mini bayanin da babu shi a handawut. Duniya tana juyawa, kuma ba mulmulalliya ba ce sarai, ta ɗan kumbura a tsakiyarta. Saboda haka ƙarfin janyowar ya fi rauni a kusa da layin da ya raba ta biyu, inda yake wajen 9.78, ya fi ƙarfi a can ƙuryar arewa da ta kudu, inda ya kai 9.83. Ƙasashen Turai suna tsakani, shi ya sa littattafansu ke cewa 9.81. Mu a arewacin Nijeriya, da muke wajen digiri 11 ko 12 daga layin, rabonmu 9.78 ne.

Ya ba ni labarin wani Bafaranshe masanin taurari, Jean Richer, da aka aika Kayen a gaɓar Kudancin Amurka. A 1672 ya lura cewa agogonsa mai lilo, wanda aka saita a Paris, yana makara da kusan minti biyu da rabi kowace rana, sai da ya rage tsawon lilon kaɗan kafin ya daidaita. Mutumin bai ɓoye ba, bai ce zafi ne ya lalata agogon ya yi shiru ba. Ya rubuta abin da ya gani ya kai gida. Da wannan awon Isaac Newton ya kafa hujja a littafinsa na 1687 cewa duniya tana da kumburi a tsakiya.

"Da Richer irinku ne," in ji Malam, "da ya dafa lambarsa ta yi daidai da ta Paris, ya samu maki goma, mu kuma mu zauna cikin duhu."

Sannan ya tambaye ni ainihin abin da muka samu. Da kunya na ce 10.8. Ya ɗan yi shiru yana lissafi a ka, sai ya ce in nuna masa yadda muka ƙirga. Na kwaikwayi abokina: ya saki ƙarfen yana cewa "ɗaya". Malam ya ɗaga hannu. Ashe a nan gizo yake saƙa. Wanda ya ce "ɗaya" a lokacin saki, kafin lilon ya je ko'ina, in ya kai "ashirin" zuwa da dawowa goma sha tara kawai ya ƙirga. Ka raba lokacin sha tara da ashirin, amsarka za ta haura da kusan kashi 11 cikin ɗari. Ka ɗora wannan a kan 9.78, ga 10.8 ɗinka. Lambar da na jefar a kwandon shara gaskiya take gaya mini, har da wurin da muka yi tuntuɓe. Wadda na ƙawata da layi biyu kuwa ba ta san komai game da zarenmu da ɗakinmu ba.

Ya sa na dawo ranar Asabar ni kaɗai, mai kula da ɗakin gwajin ya buɗe mini yana ƙunƙuni. Na fara ƙirga daga sifiri, na ƙirga hamsin maimakon ashirin don kuskuren yatsa ya narke a cikin dogon lokaci, kowane tsawo na maimaita sau uku. Na samu 9.7, da yiwuwar ƙari ko ragi na 0.1. Ɗige-ɗigen sun ɗan warwatsu a gefen layi kamar awaki a hanyar kiwo. Ya ba ni 8. Tun daga ranar, duk abin da na kai masa tambaya biyu yake yi mini: "Ta yaya ka sani?" da "Kuskurenka zai kai nawa?" Babu ɗayansu a jerin batutuwan da aka ba mu ranar rajista.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan na shiryu gaba ɗaya. A aji biyu, a kwas ɗin lissafi, an koya mana hujjar da ke nuna cewa lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 2 ba ta rubutuwa a matsayin wata cikakkiyar lamba bisa wata. Hujja ce tun ta Girkawan dā, layi shida ko bakwai. Na haddace ta har da waƙafi. A jarrabawa sai aka sauya 2 da 3, aka kuma ce mu faɗi dalilin da ya sa hujjar ba ta aiki a kan 4. Na zauna ina kallon silin. Na san kowane layi, ban san wanne ne ginshiƙin da ya riƙe ginin ba. Rabin ajin muka fito muna cewa malamin mugu ne, ya kawo abin da bai koyar ba. Yau da nake tsaye a inda ya tsaya, na san tambayar da ta fi kowace adalci ke nan a takardar. Laifinsa ɗaya, bai taɓa gaya mana tun farkon zango cewa abin da yake nema shi ne mu iya ƙera hujja da kanmu ba.

Jarrabawar da ta fi tsaya mini a rai ba a jami'a aka yi ta ba. Na je hutu ƙauye, kawuna yana shirin sayen sabuwar igiyar guga. Muna tsaye a bakin rijiya da yamma, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, shekara uku ke nan ana ce mini kana karatun kimiyya. Gaya mini zurfin rijiyar nan ba tare da ka zura igiya ba."

Wasa yake yi, amma mutane sun taru. Na tsaya kamar an dasa ni. Ƙa'idar faɗuwar abu daga sama na warware ta a takarda ya fi sau ɗari, amma kullum dutsen yana faɗowa ne daga wani bene da ban taɓa gani ba. Sai da na yi kusan minti guda kafin ƙwaƙwalwata ta yarda cewa rijiyar Kawu ma tana ƙarƙashin dokar. Na tsinci tsakuwa, na saita agogon Casio da ke hannuna, na saki, na tsayar da jin ƙarar ruwa. Na maimaita sau biyar, Kawu yana cewa in na cika masa rijiya da duwatsu ni zan yashe ta. Lokacin ya tsaya a wajen sakan 1.8. Ninka shi da kansa, ninka da 4.9, ya ba ni kusan mita 16. Na tuna babban yatsana, na ce, "Kawu, daga baki zuwa ruwa tsakanin gaba takwas ne da goma."

Aka zura tsohuwar igiya aka jawo, ya auna da hannuwansa: gaba tara, saura kaɗan. Ya yi dariya ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗana. Amma igiyata ta fi bokonka yanke magana." Gaskiyarsa. Ni dai a daren nan ban yi barci da wuri ba, don karo na farko ke nan da karatuna ya fita daga takarda ya taɓa wani abu a garinmu.

Shekaru bayan haka na karanta cewa Richard Feynman, wanda ya ci kyautar Nobel a fiziks a 1965, ya tarar da irin wannan a Brazil lokacin da ya koyar a Rio a farkon shekarun 1950. Ɗalibansa suna iya karanto dokar yadda haske ke sauya hali in ya daki ruwa ya dawo, amma da ya nuna musu tekun da ke ƙyalli ta taga, ba su gane shi ne abin da suke karantowa ba. Na ɗan ji sanyi. Ashe ciwon ba namu ne mu kaɗai ba.

Ƙaddara ta sa ban shiga banki ba, na dawo aji ina riƙe da alli. A gabana aka sabunta ma'aunin NUC a 2007, aka sake fito da wani sabo a watan Disamba na 2022, wanda ake kira CCMAS, inda hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na manhaja, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. A wannan sabon, kowane kwas yana da jerin abin da ake son ɗalibi ya iya yi in ya kammala. Na zauna a kwamitin sashenmu da ya rubuta namu kason. Mun yi kwanaki muna jayayya a kan kalmomin aiki, ana ta ambaton rabe-raben matakan koyo da Benjamin Bloom da abokansa suka wallafa a 1956: wannan tunawa ne kawai, wancan amfani ne, wancan kuma tantancewa. Ci gaba ne, ban musa ba. Abin da ni ba a gaya mini ba, yanzu yana rubuce baƙi a kan fari.

Sai dai ɗalibi ba wawa ba ne. Ba ya karanta jerin manufofi; tsofaffin tambayoyin jarrabawa yake nema a shagon kwafi, don ya san a can ne malami yake faɗin gaskiyar abin da yake so. In takarda ta ce ɗalibi zai iya tsara gwaji ya kimanta kuskurensa, jarrabawa kuma ta ce kawo ma'ana, lissafo biyar, to ma'ana da biyar ɗin zai koya. Ni ma ban kuɓuta ba. An sha ajiye mini takardu ɗari shida a ce mako biyu ake son sakamako, na kuwa sha zaɓar tambayoyin da ke da saurin dubawa, ina sane. Na kuma taɓa kama kaina ina ba da cikakken maki ga wanda ya kawo 9.8, ina rage wa yarinyar da ta kawo 10.3 ta kuma rubuta shafi guda tana neman dalili. Sai da na kai gida abin ya dawo mini, washegari na nemo takardarta na gyara. Duk malamin da ke biyan lada a kan amsar littafi, shi ke hura wutar girkin. Wanda kuwa ya saba dafa lamba yana ɗan shekara sha tara, wata rana shi ne zai sa hannu a kan gwajin ƙarfin kankaren bene, ko tsabtar ruwan sha, ko jinin mara lafiya.

Abin da nake iya yi kaɗan ne, shi nake yi. Ranar farko ta zango ba na fara darasi. Ina gaya musu da baki abin da zan nema a hannunsu a ƙarshe, in nuna musu irin tambayar da za ta zo. A ɗakin gwaji babu maki a kan kusantar amsar littafi, makin yana kan yadda ka auna da yadda ka bayyana kaucewarka. A tsakiyar lakca nakan tsaya in jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya juya ya shawo kan na kusa da shi, da Turanci ko Hausa ko duk harshen da ya sawwaƙa. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2014, wanda ya tattara bincike 225 a kan azuzuwan kimiyya da lissafi da injiniyanci, ya nuna cewa masu faɗuwa sun kai kusan kashi 34 cikin ɗari a inda lakca ce zalla, suka sauko zuwa wajen 22 a inda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji. Ajina ya fi nasu cunkoso nesa ba kusa ba, hayaniyar kuma takan sa na maƙwabta leƙowa. Amma nakan ji yaro yana ce wa ɗan'uwansa, "A'a, ta yaya ka sani?" sai in tuna dattijon nan da garin allinsa. Ya rasu tuni, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa komawa na gaya masa abin da jan bironsa ya yi mini ba.

Agogon da muke rububi mu takwas yanzu yana cikin kowace waya. Saboda haka, kai da kake biya wa ɗa ko 'ya kuɗin karatun kimiyya, in sun zo hutu kada ka tsaya a tambayar sakamako. Ba shi zare mai tsawon mita ɗaya da ɗan kwaɗon ƙofa, ya rataya a ƙusa, ya ƙirga zuwa da dawowa ashirin. Zai samu wajen sakan 40. Ka ce ya fitar maka da ƙarfin janyowar ƙasa, ya kuma faɗa maka kuskurensa zai kai nawa. In ya ce maka 9.81 cif, tambaye shi a wane gari ya auna.